Filin Tambayoyin Masu Karatu: Yayansu Ya Gama Jami'a, Ya Zauna a Legas

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya shida, ina zaune a Zariya. Babbansu, wanda ba na kama sunansa saboda ɗan fari ne, ya gama karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, aka tura shi bautar ƙasa Legas, da shekarar ta cika kuma sai kamfanin da ya yi wa aiki ya riƙe shi. Duk tsawon karatunsa daga gida yake zuwa makaranta, shi yake kai mahaifinsu asibiti, shi yake duba wa ƙannensa aikin makaranta, shi ake aika kasuwa. Yanzu wata takwas ke nan da fara aikinsa, sau ɗaya ya zo, da Babbar Sallah. Yana kiran mahaifinsu duk Juma'a, ni kuwa sai dai a miƙo mini wayar mu gaisa a taƙaice, domin ban saba doguwar hira da shi ba. Mahaifin nasu yana ganin abin da yake aikowa bai kai yadda ya kamata ba, har ya fara cewa ya bar aikin ya dawo a nema masa wani a nan. Ni kuma idan dare ya yi barci ba ya ɗaukata, ina tunanin me yake ci, da su wa yake zama, ko wata rana zai kawo mana matar da ba mu san asalinta ba. Shin mu matsa masa ya dawo ne, ko yaya za mu yi?

Wata uwa daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun yaron nan, ya kuma ba mahaifinsu lafiya. A ganina kada ku matsa masa ya bar aikin, domin a wannan lokaci da masu digiri suke shafe shekaru suna yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, matashin da wurin bautar ƙasarsa ya riƙe shi ya samu abin da tsararrakinsa da yawa suke nema ido rufe, kuma cewa za a nema masa wani a gida magana ce ta fata, ba aiki ba ne a hannu. Sai dai na lura wasiƙarki ta ƙunshi damuwa biyu, ta mahaifinsa wadda ta shafi kuɗi, da taki wadda kuɗi ba zai magance ta ba, kuma taki ce kika ajiye a ƙarshe kamar ita ce ƙarama.

Batun kuɗin ya fi sauƙin warwarewa. Albashin da zai yi auki a Zariya ba ya yin auki a Legas, musamman a shekarar farko. Mai gida a can yakan nemi kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, wanda shi ne iyakar abin da dokar haya ta jihar ta 2011 ta yarda a karɓa daga sabon ɗan haya, sannan ga kuɗin dillali da na rubuta yarjejeniya a kai. Ga katifa, ga tukunyar gas, ga kuɗin mota zuwa wurin aiki safe da yamma, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Alawus ɗin bautar ƙasa kuwa, ko bayan da aka ɗaga shi daga naira 33,000 zuwa naira 77,000, ba abin da mutum zai tara jari da shi ba ne a gari irin Legas. Saboda haka akwai yiwuwar yaron nan ba rowa yake yi ba, bashin zama yake biya. Abin da ya dace shi ne idan ya zo gida mahaifinsa ya zaunar da shi, ba a waya ba, kuma ba a gaban ƙannensa ba, ya faɗi gaskiyar abin da yake samu da abin da yake kashewa, sannan su tsayar da wani adadi da zai riƙa aikowa duk wata, a san kuma na mene ne, misali maganin mahaifin da kuɗin makarantar ɗaya daga cikin ƙanne. Haƙƙin iyaye a kansa yana nan, nisa bai sauke masa shi ba. Amma ɗan da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa yakan koyi ɓoye albashinsa, kuma a tuna nan gaba kaɗan shi ma za a tambaye shi sadaki da lefe. Idan mahaifin ba zai iya wannan zaman ba tare da ransa ya ɓaci ba, a sa baffan yaron ko kawunsa a tsakani.

Ayyukan da yake yi a gida kuma a raba wa na bayansa tun yanzu. A gidaje da yawa ƙanne ba su iya kai mara lafiya asibiti ko cefane ba ne kawai saboda yayansu yana nan, ba a taɓa buƙatar su koya ba.

Game da tsoron da kike yi na inda ya shiga, ina so ki tuna cewa Bahaushe ba baƙo ba ne a Legas. Akwai jama'armu da suka yi shekara da shekaru a Agege da Idi-Araba da Obalende, kasuwar Mile 12 kuwa cike take da 'yan Arewa masu kawo tumatir da albasa da tattasai. Unguwar Sabo ta Hausawa a Ibadan ma tun 1916 aka kafa ta. Kafin nan ma fatake suna barin Kano da Katsina da Zazzau su nufi Gwanja fataucin goro, su yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba, iyayensu mata suna jira babu waya babu wasiƙa. Don haka ɗanki ba zai rasa masallacin Juma'a ba, ba zai rasa inda ake sayar da tuwo da miyar kuka ba. Abin da zai iya rasawa shi ne babban mutum da yake jin nauyinsa. Ku bincika cikin dangi ko 'yan unguwa, da wuya a rasa wani dattijo Bazazzagi mazaunin Legas wanda aka yarda da halinsa, mahaifin yaron ya kira dattijon ya damƙa masa amanar ɗansa, shi kuma yaron a umarce shi ya riƙa zuwa gaishe shi. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu barin gida, kuma har yau tana aiki.

Yanzu ga abin da na fi so mu tattauna, wato kunyar ɗan fari. Ba na cikin masu cewa a yi watsi da ita, domin na san ba ƙiyayya ba ce, kawaici ne da uwa take yi don kada a ce ta fifita nata, kuma yawancin 'ya'yan fari sun fahimci haka. Amma ki dubi yadda al'adar ta ginu. Lokacin da yake gida, ba ki buƙatar ki kira sunansa ko ki zauna hira da shi kafin ya san matsayinsa a wurinki, domin yana gani a kwanon abincin da kika rufe masa idan ya yi dare a makaranta, yana gani a yadda kike sa ƙanwarsa ta leƙa ɗakinsa idan ba shi da lafiya. Waɗannan abubuwa su ne suke yi miki magana. Da ya tafi Legas duk sun tsaya, abin da ya rage tsakaninku shi ne gaisuwar minti guda a wayar mahaifinsa, kuma ina jin wannan ne yake hana ki barci fiye da tunanin abin da yake ci. Shi ma can, bayan ya dawo daga aiki a gajiye ya shiga ɗaki shi kaɗai, mai yiwuwa yana son ya kira ki amma yana jin nauyin ya keta abin da kuka saba.

Akwai hanyoyin da ba su saɓa wa kawaicinki ba. Ki haɗa masa yaji da kuka da daddawa da dambun nama, ki ba direban da aka sani a tasha, ko wani mai tafiya, ya kai masa. Ki sa ƙanwarsa ta ɗauki muryarki a WhatsApp kina yi masa addu'a, domin babu wata kunya da ta hana uwa ta ce wa ɗanta Allah ya yi masa albarka, kuma saƙon murya ya fi kiran waya sauƙi ga wanda bai saba hira ba. Idan kina da wayarki, ki ba da saƙo cewa ya riƙa kiran ta kai tsaye ko da sau ɗaya a mako, ba sai ta hannun mahaifinsa ba. Farko za ku ji abin baƙo, gaisuwa da tambayar lafiya kawai za a yi, amma a hankali maganar za ta tsawaita.

Batun aure kuwa, kada ku yi gaggawar zaɓa masa mata don ku ɗaure shi da gida. Ki sa gwaggonsa ko wata da yake sakewa da ita ta tambaye shi ko akwai wadda yake so, ku ji ta bakinsa tukuna.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Na gama Jami'ar Bayero ta Kano, takardar kiran bautar ƙasa ta fito, an tura ni wata jiha a Kudu. Babana ya ce ba zan je ba domin ban yi aure ba, wasu kuma suna ce mini in samo takardar aure ta bogi a mayar da ni Kano. Ina tsoron saɓa wa Baba, ina kuma tsoron karatuna ya tashi a banza.

Wata ɗaliba daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, ina taya ki murna. Takardar bogi kam ki rabu da ita gaba ɗaya, ƙarya ce kuma laifi ne a doka, idan aka gano ta za ki iya rasa takardar kammalawar da kike nema. Haka nan kada ki ba kowa kuɗi da sunan zai canja miki jiha.

Tura masu digiri wata jihar da ba tasu ba shi ne ainihin manufar shirin tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shi a 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, domin matasan ƙasar su san juna. Hukumar bautar ƙasa, wato NYSC, tana duba buƙatar canjin jiha bisa dalilan aure ko rashin lafiya ko matsalar tsaro, kuma ana neman canjin ne ta hanyar da hukumar ta tsara, bayan an shiga sansanin horo na mako uku. Ƙin zuwa gaba ɗaya yana da tsada, domin aikin gwamnati ba ya samuwa ga mai digiri sai da takardar kammala hidimar ko ta yafewa, ita yafewar kuma galibi ga wanda ya haura shekara 30 ne lokacin da ya gama karatu.

Tsoron Baba ba na banza ba ne, kada ki yi masa gardama kamar wanda bai san duniya ba. Abin da yake buƙata shi ne ya san inda za ki kwana da wanda zai tsaya miki. Ƙungiyar Musulmi masu bautar ƙasa, wadda aka fi sani da MCAN, tana da rassa a jihohi da masaukai da ake raba maza da mata, kuma mata Musulmi suna sanya hijabinsu a sansani. Ki nemo wata yaya da ta yi hidimarta a wannan jihar ta zo ta yi wa Baba bayani da bakinta, ki samo lambar shugabannin ƙungiyar na can ya yi magana da su da kansa, sannan ki roƙi wani baffa ko malamin da yake jin maganarsa ya sa baki. Idan ya amince, a nemi yayanki ko ƙaninki ya raka ki har ƙofar sansani, ku hau mota a tashar da aka sani, kuma a raba tafiyar kwana biyu idan ta yi nisa, domin ita kanta hukumar tana gargaɗin masu bautar ƙasa da su guji tafiyar dare.