Amsar tambayarka kan tsohon kantin ƙauye a Amurka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso. Ka ce a ɗan garin da kake zaune can Amurka akwai wani tsohon kanti da ake sayar da komai a cikinsa, daga ƙusa har fulawa da takalmin gona, kuma kullum da safe sai ka tarar da dattawa zaune kusa da murhu suna hira, wasunsu ko allura ba sa saya, mai kantin kuma bai taɓa ɗaure musu fuska ba. Kana son sanin inda wannan al'ada ta samo asali.

Daga bashi ta samo asali, sai kuma nisan hanya. Manomin Amurka na ƙarni na 19 ba ya ganin kuɗi a hannu sai da kaka. Duk abin da gidansa ke bukata a tsakani, gishiri ne, sukari ne, kananzir ne, yadi ne, a kantin nan ɗaya tilo zai ɗauka, a rubuta a littafi, in an yi girbi ya biya. Matan gida kuma sukan kawo ƙwai da man shanu a kimanta, a rage musu daga abin da ake bin su, wato dai ba ni gishiri in ba ka manda. To wanda zai ba ka kaya na tsawon watanni ba tare da ka ajiye masa komai ba, dole ya san halin da kake ciki: yadda gonarka ta yi bana, wa ke kwance ba lafiya a gidanku, ko kai mai cika alkawari ne. A bakin masu zaman hirar nan yake jin wannan duka. Shi ya sa benci da murhun ba asara ba ne a wurinsa, cikin jarinsa suke.

Ƙari a kan haka, sau da yawa gidan waya a cikin kantin yake, mai kantin ne kuma ke riƙe da shi. Duk mai jiran wasiƙa ko jarida nan zai zo, in ya zo daga nesa a kan doki kuwa ba zai juya nan take ba. Abraham Lincoln kansa, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi yaron kanti a New Salem ta jihar Illinois a 1831, ya zama mai kula da gidan wayar garin a 1833. Kantin da ya buɗe da abokin haɗin gwiwarsa ya karye, ya bar shi da bashin da ya daɗe yana biya.

Kada dai dattawan su sa ka ɗauka zamanin duk zuma ne. A kudancin ƙasar, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, littafin nan ya zama tarko. Talakan manomi, baƙar fata ne ko farar fata, amma musamman 'yantaccen bawa, yakan jinginar da audugar da bai ma shuka ba. Farashin bashi ya fi na kuɗi hannu tsada ƙwarai, mai kanti ne ke riƙe da lissafi, kaka ta zo ta wuce bashi bai ƙare ba.

Abin da ya karya kantunan ya zo ne a hankali. Kamfanin Montgomery Ward ya fara sayar da kaya ta hanyar wasiƙa daga Chicago a 1872, kamfanin Sears ya biyo baya da ƙaton littafin tallarsa. A 1896 gwamnati ta soma kai wasiƙu har ƙofar gidajen gona kyauta, a 1913 ta haɗa da ƙunshin kaya, duk da adawar masu kantunan ƙauye, don sun san abin da zai biyo baya. Motar Ford mai araha ta fito a 1908, birni ya matso kusa.

Amma a ganina wanda ya fi taɓa ita hirar shi ne abin da wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya yi a birnin Memphis a 1916, da ya buɗe kantin Piggly Wiggly. Kafin nan kai kana gaban kanta, yaron kanti na baya, ka faɗi abin da kake so, ya ɗebo daga ganga ko buhu, ya ɗora a sikeli, ya ƙunshe, kuna ta magana. A sabon tsarin kwando kawai za ka ɗauka, kaya na jere da farashinsu a jiki, ka biya a bakin ƙofa ka fita, babu littafi balle a tambaye ka iyali. Daga baya Sam Walton ya buɗe babban kantin Walmart na farko a Rogers ta jihar Arkansas a 1962, ƙananan garuruwa ya nufa da gangan, kantuna da yawa suka rufe.

Wanda ka gani yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage. In ka shiga, ka gai da mai kantin tukuna, ka sayi ko da kofi ne, kada kuma ka zauna a kujerar da ka ga wani tsoho ya saba zama. Ka gai da abokan karatunka.

Kawunka.