Tambayi Sista: Ɗana Ya Soma Dukan Kansa, An Ce "Dama Haka Suke"

Tambaya: Assalamu alaikum Sista. Ɗana shekararsa 17, yana da raunin fahimta tun bayan shawara mai tsanani da ta kama shi kafin suna. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu zuwa uku, amma yaro ne mai sanyin hali. Wata biyu ke nan ya canza: ya ƙi tuwo sai kunu, yana dukan kumatunsa, da dare ba mai runtsawa a gidan. Mun kai shi asibiti, ko bakinsa ba a buɗe ba aka ce dama haka suke, aka rubuta maganin barci. Kakarsa ta ce iska ce, a kai shi ruƙiyya. Yaya zan yi? Daga Maman Abba, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya.

Wannan "dama haka suke" ban yarda da ita ba, ke ma kada ki yarda. Ke kika raine shi, kin san ba haka yake ba. Wanda ba ya iya cewa "nan ke min ciwo" da jikinsa yake faɗa, shi ya sa duk sabon hali a wurin irin su Abba nake ɗaukarsa ciwo ne, har sai an bincika ba a samu komai ba.

Ƙin abin taunawa, ga dukan kumatu: haƙori na fara zargi. Daga shekara 17 turamen ƙarshe na can ciki suke soma fitowa, kuma yaron da ba ya bari a goge masa baki, kogo kan ci haƙorinsa ba a sani ba. Sai kunne. Shawara mai tsanani a jarirai takan taɓa ji, saboda haka a leƙa kunnen, a kuma gwada jinsa. Ki lura da bayan gidansa ma, kwana nawa yake yi bai zaga ba, kuma ko yana yamutsa fuska in zai yi fitsari. Taurin bayan gida yana wahalar da yaran nan ƙwarai, wasu magungunan sa barci kuma ƙara shi suke yi. In ya jima yana shan maganin, kada ki tsayar da shi farat ɗaya, ki koma wa likita da shi a hannu.

Kafin ki koma, ki rubuta a takarda ɗaya: yadda yake da, ranar da ya canza, abin da yake tsoro, abin da ke kwantar masa da hankali, da magungunan da yake sha. A Ingila akwai ma'aikatan jinya da aka horar musamman don masu raunin fahimta, ana kuma duba lafiyarsu sau ɗaya kowace shekara tun daga shekara 14. Mu ba mu kai nan ba, amma takardar nan tana aiki a ko'ina. Ki je da sassafe, da wanda ya saba da shi, ki nemi sashen haƙori kai tsaye. Kada ki ji nauyin roƙon a shigar da ku ba layi. Dokar Najeriya ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara duba su.

'Yan'uwana ma'aikatan asibiti kuwa, don Allah mu riƙa gaida yaron da sunansa, mu nuna masa abin awo ya taɓa kafin mu ɗora masa. Raina yana ɓaci in na ga ƙarti sun danne yaro alhali lallashi kaɗan ya isa.

Ki gaida Hajiya, ki ce ta ci gaba da tofa masa addu'a, amma ban da ɗauri, duka ko turara masa hayaƙi. In kika ga zazzaɓi, kumburin fuska, cikinsa ya ɗaure yana amai, ko jijjiga, kada ki jira gari ya waye, ku wuce sashen gaggawa.