Tambaya da Amsa: Sunan Allah a Bangon Majalisar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya. Kwanakin baya ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton zauren majalisar wakilan ƙasar, sai na ga an rubuta In God We Trust, wato "Ga Allah muka dogara", a saman kujerar kakakin majalisa. Ya ce rubutun yana jikin dala, yana kuma bangon wasu makarantun gwamnati. Mu kuwa abin da aka koya mana shi ne gwamnatin Amurka ba ruwanta da addini. To, yaya aka yi kotunansu suka ƙyale wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka koya muku yana da tushe, domin gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana majalisa kafa dokar da za ta tsayar da wani addini ya zama na gwamnati. Sai dai kalmomin da ka gani ba su zo tare da kafuwar ƙasar ba, kuma sau biyun da suka samu gindin zama duk a lokacin fargaba ne.

Na farko shi ne lokacin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Wani limamin coci a jihar Fensilbeniya, M. R. Watkinson, ya rubuta wa sakataren baitulmali Salmon Chase wasiƙa a 1861 yana roƙon a ambaci Allah a jikin kuɗin ƙasa, kuma a 1864 aka buga kalmomin a kan kwandalar santi biyu. Na biyu shi ne zamanin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, lokacin da 'yan siyasar Amurka ke son nuna wa duniya cewa su masu imani ne, abokan hamayyarsu kuwa 'yan gurguzu ne da ba su yarda da Allah ba. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta mai da kalmomin kirarin ƙasa, a 1957 suka hau takardun kuɗi, a 1962 kuma aka ɗora su a wurin da ƙanenka ya ɗauko maka hotonsa. Kafin nan, abin da aka fi ɗauka a matsayin kirarin ƙasar shi ne kalmomin Latin da ke jikin hatiminta tun 1782, masu nufin "daga masu yawa aka samu ɗaya", waɗanda babu ambaton Ubangiji a cikinsu.

An sha kai ƙara, kuma masu ƙarar ba su taɓa yin nasarar cire kirarin ba. Hukuncin da aka fi kafa hujja da shi na wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ne a 1970, a shari'ar Aronow, inda alƙalai suka ce rubutun na kishin ƙasa ne da al'adar bukukuwan gwamnati, bai da alaƙa da tsayar da addini. A 1984 wani alƙalin Kotun Ƙoli, William Brennan, ya ƙara fito da maganar fili, yana cewa irin waɗannan kalmomi sun rasa ma'anarsu ta addini saboda yawan maimaitawa.

Ina so ka tsaya a nan ka yi nazari, Malam, domin a ganina nan ne gizo yake saƙar. Kirarin ya tsira a gaban kotu ne bisa sharaɗin cewa ba ya nufin abin da yake faɗa. Da a ce lauyoyin gwamnati sun tsaya sun ce lalle da gaske ake, gwamnati na kiran jama'a ne su yi tawakkali ga Allah, da sun miƙa wa masu ƙara wuƙar yanka su. Saboda haka mai imani da ke murnar ganin sunan Allah a bangon kotu, hujjar da ta bar sunan a wurin ita ce cewa ado ne kawai, kamar zane a bakin riga. Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. A 1907 Shugaba Theodore Roosevelt, wanda Kirista ne mai zuwa coci, ya amince a buga sababbin kuɗin zinariya ba tare da kalmomin ba, yana ganin sa su a jikin kuɗi wulaƙanta su ne, amma majalisa ta mayar da su a 1908. Duk Bahaushen da ya saba tsintar takarda mai ɗauke da sunan Allah daga ƙasa ya saƙale ta a bango zai gane abin da ya dami mutumin.

Game da makarantu kuwa, dokokin jihohi ne, kuma yawancinsu na baya-bayan nan ne. Filorida da Tenesi sun wajabta liƙa kirarin a 2018, Dakota ta Kudu da Kentaki suka bi sahu a 2019. A Kentaki, hukumar makarantun yankin Lexington ta cika umarnin ta hanyar ƙara girman hoton bayan takardar dala ɗaya ta rataye, tun da dai kirarin yana jiki. Dokar Teksas ta 2021 ta ce dole makaranta ta liƙa allon kirarin idan wani ya kawo shi kyauta, sai a 2022 wani uba a garin Southlake ya kai nasa allunan, ciki har da wanda aka rubuta da Larabci, hukumar makarantun kuma ta ƙi karɓa da hujjar cewa waɗanda take da su sun wadatar. Ko da hujjar tana da ƙafa a doka, lamarin ya sa mutane da dama tambayar ko Allah na kowa ake nufi, ko kuwa na masu rinjaye. Ka kuma lura cewa kotu ta bambanta kirarin da nassin littafin addini, domin a 1980 Kotun Ƙoli ta soke dokar Kentaki da ta wajabta liƙa Dokoki Goma na Attaura a azuzuwa.

Tun da ɗalibai kake koyarwa, za ka iya kwatanta musu da na gida. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata, amma gabatarwar kundin ta ambaci Allah, kirarin ƙasa da ke sashe na 15 kuma shi ne haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Nijar ta zaɓi 'yan'uwantaka da aiki da ci gaba, ba ta ambaci imani ba ko kaɗan. Taƙaddamar da ta fi tashi a Najeriya ma a kan haruffa ne, wato Ajamin da ke jikin naira, wanda wasu ke ɗauka a matsayin alamar Musulunci alhali abin da ke rubuce Hausa ce tsantsa, kamar "naira dubu" da "naira ɗari biyar". A 2007 Babban Banki ya cire Ajamin daga ƙananan takardu, daga naira 5 zuwa 50, a 2014 kuma aka cire shi daga sabuwar naira 100, amma har yanzu yana nan a jikin 200 da 500 da 1,000.