Tambayi Barista: An ɗaure ƙanina kan kwalin da ba nasa ba

Tambaya: Salam Barista, dan Allah a taimaka min. Ƙanina direba ne yana ɗauko kaya daga Onica zuwa Kano, wani ya ba shi saƙon kwali uku a tasha wai kayan kwalliya ne, a hanya aka tare su aka farke sai ga tiramadol. Sati uku kenan da kotu ta ɗaure shi, shaidu biyu kacal aka kawo kuma duk waɗanda suka kama shi ne, mai kayan ma ba a nemo shi ba. Innarmu tun ranar ko abinci ba ta iya ci. Akwai abin yi? Daga wata 'yar uwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya kawo mafita ya ba Inna haƙuri. Eh akwai, amma ku hanzarta. Shari'ar ƙwaya Babbar Kotun Tarayya ke yin ta, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma kwana 90 doka ta ba ku daga ranar hukunci, in ya wuce sai an roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi.

Abin da mutane ba sa ganewa, can sama ba sabuwar shari'a ake yi ba, alƙalan fayil ɗin kotun da ta yanke hukuncin za su karanta su ga ko hujjar ta kai a ɗaure mutum. Maganar shaidu biyu kar ki dogara da ita, ko mutum ɗaya in alƙali ya gamsu ya isa. Inda ni zan tsaya shi ne sani. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba, to me suka kawo da ya nuna ƙaninki ya san abin da ke cikin kwalin? A liƙe yake da salatif ko a buɗe, akwai rasit na tasha, kuɗin mota aka biya shi daidai ko kuɗin da ya fi ƙarfin saƙo, duk wannan lauya zai tona. Sannan ƙwayar kanta, an kai ta gwaji, an kawo takardar sakamako, waye ya riƙe ta daga ranar kamu har kotu, in aka samu giɓi a nan wallahi babbar magana ce.

Abu ɗaya da ba ki faɗa ba kuma shi ya fi damuna, ya sa hannu a takardar amsa laifi? Ko ya ce wa alƙali ya aikata? In haka ne hanyar ta ƙuntata sosai, sai dai a duba yadda aka karɓi bayanin, da lauya a wurin ko babu, an fassara masa da Hausa ko a'a.

Gobe ku je rajistarar kotun ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi, in kuɗin lauya ya gagara ku je ofishin Legal Aid Council, kyauta suke tsaya wa marasa hali.