Yadda ake zama direban tseren NASCAR

Ɗan'uwa, ka tambaya ko iya gudu da mota kaɗai zai kai mutum tseren NASCAR na Amurka. Gaskiya bai isa ba.

Galibin direbobin tun suna yara suke farawa da ƙananan motocin kart, sai gasar ƙananan filaye, sai gasar share fage ta ARCA, kafin matakan NASCAR uku. Na ƙoli shi ne Cup, mai tsere 36 na maki a shekara. Direba William Byron kuwa a kwamfuta ya fara, da wasan tseren mota na iRacing, har ya ci babban tseren Daytona 500 a 2024 da 2025.

Kuɗi ne ke kayar da mutane. Taya, inji, makanikai, duk tsada ne. Direban da ba kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, ko ya fi kowa iya tuƙi, sai ya rasa kujera. Shi ya sa masu nema ke tarewa kusa da birnin Charlotte na Amurka, inda yawancin ƙungiyoyin suke.

Ga wahalar jiki: wajen awa uku cikin mota mai zafi kamar tanda, wuya na shan wuya a kowace kwana. Likita ya fara duba ka tukuna. Don Allah kada ka gwada gudu a titin gari. Kwangila kuma kar ka sa hannu sai lauya ya karanta.