Amsa ga ƙanwarmu da ta tambaya kan tashar ARD-alpha

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa Jamus, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Na ga tambayarki, kin ce kin fara Ausbildung, wato koyon sana'a, na aikin jinya kuma malamarku ta ce ki riƙa kallon ARD-alpha don kunnenki ya saba da Jamusanci, shine kike son sanin wace irin tasha ce kuma ko ta cancanci a ɓata mata lokaci. Ni na daɗe a Bayern kuma tashar nan ta yi min rana sosai, don haka bari in faɗa miki abinda na sani.

Tashar talabijin ce ta ilimi zalla, ta jama'a ba ta ƴan kasuwa ba, babu talla ko ɗaya a cikinta. Gidan rediyo da talabijin na jihar Bayern wato Bayerischer Rundfunk da ke Munich ne ya buɗe ta ranar 7 ga Janairu 1998 da sunan BR-alpha, sai ranar 29 ga Yuni 2014 aka mayar da sunan ARD-alpha saboda sauran gidajen ARD, wato haɗakar gidajen rediyo da talabijin na jama'a na jihohi, su riƙa zuba nasu shirye-shiryen, amma har yanzu ƴan Munich ɗin ne ke riƙe da ita. Shi yasa tsofaffin ma'aikata a wurin aikinki zaki ji suna cewa BR-alpha, abu ɗaya ne kar ki rikice. Kuma ki sani da kuɗinki ake yinta, wasiƙar Rundfunkbeitrag ɗin nan, wato kuɗin rediyo da talabijin, da za ta iso miki bayan kin yi rajistar gida, wadda tun 2021 ta koma Yuro 18.36 a wata, daga nan ake biyan su. Gida ake cajin ba mutum ba, in ku uku ne a falat ɗaya sau ɗaya za ku biya ku raba, kuma in kina karɓar BAB, tallafin da ake ba masu koyon sana'a, kina iya neman a yafe miki, amma sai kin cike takarda, ba sa yafewa haka kawai.

To amma gaskiya in har Jamusancinki bai kai B1 ba, wato matakin tsakiya, kar ki zauna gaban tashar nan kina jira ta koya miki daga farko, ranki ne zai ɓaci, don ba don baƙi aka yi ta ba, an yi ta ne don Bajamushen da ke son ƙara ilimi. Mai farawa ya je Nicos Weg na DW, kyauta ne kuma daki-daki yake tafiya. Amma ke da kika riga kika ci jarabawar yare kafin a baki biza, wallahi nan ne wurinki, saboda matsalarki yanzu ba gaisuwa bace ko sayayya a kanti, matsalar ita ce malami ya tsaya yana bayanin yadda ƙoda ke aiki na minti 40 ba tsayawa ki fahimta, kuma irin wannan Jamusancin na bayani shi ake yi a tashar daga safe har dare.

Abinda na fi amfana da shi shine Telekolleg, ko da yake yanzu an daina ɗaukar ɗalibai da wannan sunan. Wannan ya girmi tashar ma nesa ba kusa ba, tun Janairu 1967 aka fara shi a talabijin ɗin Bayern, kamar ajin yaƙi da jahilci ne irin namu na manya sai dai shi ta talabijin, ma'aikacin da ya bar makaranta da wuri yana kallon darasi a gida, yana karanta littattafan, wasu ranakun Asabar ya je aji a haɗu da malami, a ƙarshe ya zana jarabawa ta gaske ya samu takardar da hukuma ta yarda da ita, har wadda za ta kai shi Fachhochschule, wato jami'ar koyon ilimi a aikace. Ni ban yi rajista ba, darussan kawai nake kallo, na Biologie da Chemie da lissafi, kuma abin daɗin shine abubuwan duk na san su tun sakandare a gida, don haka hankalina ba ya kan ilimin yana kan yadda suke faɗinsa. Wasu bidiyoyin tsofaffi ne, kayan jikin malaman ma za su nuna miki, amma jini da zuciya ba su canza ba ai. Akwai kuma GRIPS, shi na ƴan makaranta ne masu shirin kammala matakin ƙasa, Jamusanci da lissafi da Ingilishi, gajeru ne kuma da sauƙi, in kina jin nahawu na baki wahala fara da shi ba abin kunya bane. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu ma tashar ce ta riƙa saka darussa da safe da sunan Schule daheim, iyaye da yawa sun ji daɗinsa har da ni.

Sai alpha-Centauri, wanda ni dai ban ga kamarsa ba. Farfesa Harald Lesch na jami'ar Munich, masanin taurari, shi kaɗai a tsohon aji da allo da alli, minti 15, ya ɗauki tambaya ɗaya kamar me yasa dare yake da duhu ya warware ta ba hoto ba kwalliya. An yi shi daga 1998 zuwa 2007 kuma har yau ana maimaitawa. Yakan yi sauri in abin ya ɗebe shi, ki kunna Untertitel, rubutun maganar da ke fitowa a ƙasa, ki riƙa karantawa, kallo na biyu ki kashe. Akwai Planet Wissen shima, sukan gayyato masani a zauna awa guda kan abu ɗaya, sau da yawa kan lafiya, wannan zai miki amfani kai tsaye. Da tsofaffin shirye-shiryen alpha-Forum, doguwar hira da mutum ɗaya, shi sai kin ƙware.

Tunda za ki yi aikin dare za ki haɗu da Space Night, hotunan duniya daga sararin samaniya da kiɗa a hankali, tun 1994 ake yinsa, a 2013 an so a daina saboda kuɗin haƙƙin kiɗa masu kallo suka tada ƙura sai aka dawo da shi da kiɗan da ba a biya masa. Babu yaren da za ki koya a ciki, amma tsofaffin marasa lafiya da barci ya ƙi suna sonsa. Haka Bob Ross mai zane, da Turancinsa suke saka shi. Wanda zan ce kar ki raina shine Tagesschau vor 20 Jahren, labaran rana irin ta yau shekara 20 da suka wuce, nan na fahimci sunaye da rigingimun siyasar da abokan aiki ke ambata a lokacin shan kofi ina zaune kamar baƙuwa.

Abu ɗaya da ke damuna, a Oktoba 2024 gwamnonin jihohi sun amince a rage tashoshin jama'a, cikin guda 4 na labarai da ilimi wato tagesschau24 da Phoenix da ZDFinfo da ARD-alpha 2 kawai za a bari, hujjarsu wai kowa ya koma intanet. Ni ban ji daɗi ba, don dattijon da ke gidan kula da tsofaffi rimot ya sani ba manhaja ba. Saboda haka kar ki dogara da akwatin talabijin, ki sauke manhajar ARD Mediathek a wayarki ki nemi shirye-shiryen da sunansu, can kina iya tsayarwa ki koma baya. Ƴan uwa da ke gida suna shirin tahowa suma za su iya gwadawa, sai dai wasu bidiyoyin ba sa buɗewa a wajen Jamus. Ki fara da darasin Biologie ɗaya a daren nan da biro da littafi a gefe, duk kalmar da ta maimaitu ki rubuta ta tare da der ko die ko das ɗinta, in kin maƙale ki min magana ta inbox.