Tambaya da Amsa: Tun da aurena ya mutu na kasa tunkarar mace

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo. Shekaruna 38, haifaffen Makka ne ni, ina sana'ar ɗinki a Jidda. Na zauna da matata shekara tara, muna da 'ya'ya biyu, sai bara zama ya ƙi, manya suka yi iya ƙoƙarinsu ba a daidaita ba, har ta gama idda. Yanzu ina son sake aure, amma duk lokacin da aka ambata mini wata sai gabana ya faɗi, in ga kamar ba wadda za ta karɓi mutumin da ya kasa riƙe gidansa. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, saboda haka faɗuwar gaban nan ba ta ba ni mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ka yanke wa kanka da ka ce ka kasa riƙe gidanka, domin a ganina shi ne ya ɗaure maka harshe, ba matan ba. Wanda ya ciyar da iyali shekara tara da keken ɗinki ya san nauyin gida fiye da saurayin da bai taɓa biyan kuɗin haya ba. Allah da kansa ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 130, cewa idan ma'aurata suka rabu zai wadata kowannensu daga yalwarsa, kuma wannan alkawari bai ware namiji ba.

Kafin ka nemi kowa, zauna kai kaɗai ka tantance abin da ya kashe auren, ka ware naka laifin daga nata ba tare da ka ɗora wa kanka duka ba. Wannan lissafi yana da amfani a aikace, domin waliyyin duk wadda ka nema zai tambaye ka dalilin rabuwar, kuma mutumin da ya amsa cikin jimla biyu a natse, bai zagi uwar 'ya'yansa ba, ya riga ya samu rabin yardar gidan. Na sha ganin masu zawarci da suka ɓata damarsu saboda sun shafe zaman farko suna ba da labarin tsohuwar mata.

Sa'an nan ka tuna cewa a nan ƙasar ba a tare mace a hanya ko a kasuwa, kuma wannan sauƙi ne gare ka. Ka sami babbar mace cikin danginka, ko a Jidda ko a unguwar Shara Mansur da ke Makka, ka gaya mata irin wadda kake so, ita za ta yi bincike ta buɗe ƙofa. Idan bazawara ce, a tabbatar ta fita idda kuma ba wanda ya riga ka magana. In an amince, sai a sa ranar ganin juna a gaban muharraminta, abin da mutanen nan ke kira shaufa, wanda Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba da shi sa'ad da ya nemi aure. Ba a buƙatar iya zance a wannan zama. Ka gaishe ta, ka faɗi sana'arka da abin da kake samu, da matsayin igamarka, wato takardar izinin zama a ƙasar, da inda yaran suke zaune da yadda kake ɗaukar nauyinsu, sa'an nan ka tambaye ta abin da take so a zaman aure, ka yi shiru ka saurara. In muryarka ta yi rawa, mace mai hankali kunya za ta gani.

Mai yiwuwa ta farko ta ce a'a, domin haƙƙinta ne. Ka yi godiya, ka bar babbar macen nan ta danginka ta duba wani gidan. Ka yi istihara kafin kowane zama, kuma ranar da magana ta kankama, ka sanar da 'ya'yanka da bakinka kafin su ji a bakin maƙwabta.